Ku Tambaya Mu Amsa: Daga Dakar zuwa Tsibirin Bubake a Ƙaramin Jirgi

Assalamu alaikum. A fitowar da ta wuce na ambata a taƙaice cewa lokacin da nake aikin duba yanayi a filin jirgi na taɓa bin gaɓar teku a ƙaramin jirgin sama, daga Dakar har tsibirin Bubake na ƙasar Gine-Bisau. Wannan ƴar magana ta jawo wasiƙu daga cikin Damagaram da kewaye. Ga waɗanda wuri ya ɗauka.

Daga wani Alhaji ɗan kasuwa, unguwar Zango: "Malam, ina gaisuwa. Babban ɗana yana aiki a Dakar. Ya ce in mun je ganinsa zai yi mana shatar ƙaramin jirgi zuwa tsibirin nan da ka ambata, ni da shi da mahaifiyarsa da ƙaninsa. Ni ban taɓa tsayawa bakin teku ba. Me ake gani a hanya, kuma me zan shirya?"

Alhaji, ina amsawa, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Kafin maganar kallo a fara da lissafi, don ku huɗu ne, matuƙi na biyar. Jirgin da aka fi samu haya shi ne Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1956, kuma an ƙera fiye da 44,000, babu jirgin da ya kai shi yawa a duniya. Kujerunsa huɗu ne har da ta matuƙi. Kujerun ma ba su ne abin dubawa ba, nauyi ne. Abin da yake iya ɗauka duka-duka wajen kilo 400 ne, kuma mai yana cikin lissafin. Tankunan da ke cikin fikafikansa suna cin wajen lita 200, wato kusan kilo 145. Abin da ya saura shi za a raba tsakanin matuƙi da fasinja da jakunkuna, ka ga ko manya uku sai an yi hankali. Saboda haka ka ce wa yaron ya nemi Cessna 206 mai kujera shida, ko Caravan, wanda ya fi su girma kuma yake shan man manyan jirage, dangin kananzir.

Za a ɗora kowannenku a kan sikeli, har da Hajiya, kada ran kowa ya ɓaci. A kasuwa kuna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan ba a yarda da kimar ido. Bayan awo matuƙi ne zai faɗi inda kowa zai zauna da inda kowace jaka za ta shiga, don kayan jirgi sai sun daidaita gaba da baya, kamar mangala a bayan jaki. In nauyi ya taru a baya, hancin jirgin zai riƙa ɗagawa fiye da yadda matuƙi yake so, kuma lokacin tashi ne abin ya fi muni. In ya ce wata jaka ta kwana a Dakar, a bar ta. Ku tafi da jakar yadi mai lanƙwasuwa, akwati mai tauri ba ya shiga ƙofar kaya.

Akwai kuma zafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin dafawa sosai, inji ma ba ya samun cikakken numfashi. Filinmu na Damagaram yana wajen mita 460 bisa teku, amma ranar bazara da zafi ya kai digiri 42, jirgi yana jin kansa a tsayin mita 1,500, sai ya ci titi mai tsawo kafin ya bar ƙasa. A bakin teku abin da sauƙi, amma kan gajeren fili na tsibiri, da tsakar rana, da cikakken kaya, lissafin nan yana dawowa. Shi ya sa ake son tashin sassafe.

Yanzu hanya. Daga Dakar kudu za ku fuskanta, ƙasa a hagu, teku a dama. Fikafikan Cessna a bisa rufi suke, ba abin da zai tare maka ƙasa. Ka roƙi matuƙi, in an ba shi izini, ya ɗan bi ta cikin ƙasa, kai kuma ka zauna dama: rana tana bayanka, ruwa yana gabanka, launinsa zai fito. Za ku wuce Mbur, inda kwalekwalen masunta masu fenti suke jere a rairayi ido bai ganin ƙarshensu. Sai Jowal, mahaifar Senghor, shugaban Senegal na farko, da ɗan tsibirin Fajut a gefensa, wanda ƙasarsa tarin ɓawon katantanwar teku ce, fara fat, da gadar katako mai haɗa shi da gari. Maƙabartarsu ɗaya ce, Musulmi da Kirista.

Daga nan ka buɗe ido da kyau. Wajen Palmarin akwai ramukan gishiri da mutane suka haƙa, ɗaruruwa, zagayayyu, wani ja, wani ɗorawa, wani kore, wani ruwan ƙasa, gwargwadon yadda ruwan kowanne ya ƙafe. Mai tafiya a ƙasa ba zai taɓa ganin wannan tsari ba. Sai kogin Salum ya watse ya zama ɗaruruwan ƙoramu masu lanƙwasa cikin kurmin itatuwan da ke tsiro a ruwan gishiri. Za ka ga wani dogon harshen rairayi da ya yanke a tsakiya: Sangomar ke nan, teku ta fasa shi a 1987, ta mai da ƙarshensa tsibiri, kuma ɓarakar sai faɗi take ƙarawa. Bakin kogin Gambiya yana biye, Banjul a gefen kudu, za ka ji matuƙi ya koma Ingilishi yana magana da hasumiyarsu. Sai Kazamans, yankin kudancin Senegal, kore shar, gonakin shinkafa da kwakwar manja, har Kap Skirin. Daga Dakar zuwa nan wajen kilomita 270 ne a miƙe, wajen awa ɗaya da minti ashirin ke nan a jirgin da ke gudun kilomita 200 a awa. Mu mun sauka Bisau don ƴan duwan da ƴan sandan iyaka, daga can zuwa Bubake bai kai kilomita 70 ba. Minti ashirin da ɗoriya a sama, alhali jirgin ruwa yana cinye rabin yini.

Filin Bubake ba kwalta, ba fitilu. Kada gabanka ya faɗi in ka ga matuƙi ya sauko ƙasa-ƙasa ya bi tsawon filin bai sauka ba, ya sake zagayowa. Dubawa yake, ko akwai awaki ko shanu ko yara a kai, ko ruwa ya kwanta, ya kuma ga inda iska ta fuskanta.

Daga wata malamar makaranta, Sabon Gari: "Baba, inji ɗaya ne fa, kuma bisa ruwa. In ya mutu?"

Ƴata, tambayarki ita ce a zuciyar kowa, kuma ba zan rufe miki gaskiya ba: ƙananan jirage sun fi manyan jiragen fasinja yawan haɗari. Amma in aka bi diddigi, ba inji ne kan gaba ba. Yawanci mutum ne: ya kutsa cikin yanayin da ya fi ƙarfinsa, ko mai ya ƙare masa, ko ya yi lodin da ya wuce ƙa'ida, ko ya sauko ƙasa-ƙasa don fasinja su ɗauki hoto. Duk waɗannan a ƙasa ake maganinsu, tun ba a tada inji ba.

Injin kansa an yi shi da shiri. Kowace silinda buji biyu gare ta, kowane da tasa hanyar wuta, kuma wutar ba ta dogara da batir ba. Kafin tashi za ki ji matuƙi ya tsaya bakin titi ya ƙara wuta, ya kashe hanya ɗaya ya saurara, ya kashe ɗayar ya saurara. In ma injin ya tsaya a sama, jirgi ba ya faɗowa tim. Fikafikai suna nan suna aiki, gangarowa yake a hankali: Cessna 172 yana cin wajen mita tara gaba a kowace mita ɗaya da ya sauko. Daga tsayin mita 1,000 yana da kusan kilomita tara na zaɓen wurin sauka. Dalilin da ya sa matuƙin kirki yake bin gaɓa ke nan, in kuma zai haye ruwa sai ya ƙara tsayi yadda ƙasa ba za ta kuɓuce masa ba. A Bijago, wato tarin tsibiran da Bubake take cikinsu, tsibiran kusa da juna suke, wannan yana taimakawa.

Ga abin da nake so ki duba da idonki. Kafin a shiga, matuƙi zai zo ƙarƙashin fiffike da ɗan kofi garai-garai, ya tatsi mai kaɗan, ya ɗaga shi ga haske. Man waɗannan jirage shuɗi-shuɗi ne. In akwai ruwa a ciki za ki ga ƴan ƙwayoyi farare sun kwanta a gindin kofin, don ruwa ya fi mai nauyi, kuma a bakin teku, inda raɓa take da yawa, abu ne da ke faruwa. Zai zubar ya sake tatsa har ya fito tas. Sannan ya hau bisa fiffike, ya buɗe tanki, ya zura sanda ya auna, bai tsaya ga allurar cikin jirgi ba. Wanda kika ga ya tsallake wannan don ana sauri, ki sauke jakarki. Na fi son ki yi asarar kuɗin tikiti.

Ki tambayi rigar ceto, ki sa ta a jiki tun kafin a tashi, don babu sararin sa ta a cikin jirgi lokacin da ake buƙata. Ba a hura ta sai an fita waje, in ba haka ba ita za ta hana mutum fita ta ƙofa. Ki sa a nuna miki yadda ake kwance bel da buɗe ƙofa, ki gwada da hannunki. Daga nan ki yi addu'ar tafiya ki zauna.

Daga wani ɗalibin jami'a, ɗan Mirriya: "Malam, wane wata ya fi dacewa? Kuma me ya sa ake fasa tashi alhali ba ko ɗigon hadari?"

Ɗana, ka taɓo sana'ata. Matuƙin irin wannan tafiya da ido yake tuƙi, ƙa'ida kuma ita ce ya iya hangen aƙalla kilomita 5 gabansa. A ofishinmu muna da alamu da muka san nisan kowace: shaton ruwa, hasumiyar masallaci, wani dutse can nesa. Lokaci-lokaci mai duba yanayi zai fito ya tsaya ya ga wacce ce ta ƙarshe da ido ke kamawa, ya rubuta, a aika wa matuƙa. Ranar hazo mai ƙarfi har shaton da ke kusa ɓacewa yake. Wannan ƙura da ka sani a hunturu, mai tasowa daga kwarin Bodele na Cadi da sauran sassan Sahara, ba ta tsayawa a kanmu, tana kaiwa bakin teku ta wuce. Daga Disamba zuwa Fabrairu tana iya rufe gaɓar Senegal da Gine-Bisau.

Hazo bisa ruwa ya fi hazo bisa tudu mugunta. A tudu ko ba ka hangen nesa, kana ganin hanya da itatuwa a ƙarƙashinka. Bisa teku kuwa sama toka-toka, ruwa toka-toka, layin da ya raba su ya ɓace. Jikin mutum ba ya iya gane ko jirgi ya karkata in ido bai da abin riƙewa. Zai rantse a miƙe yake, alhali yana juyawa yana gangarowa. Wanda bai koyi tuƙi da na'urori kaɗai ba, cikin ƴan mintoci abin yake ƙwace masa. Na sha tsayawa gaban fasinja da suka yi ado suka biya kuɗi, suna nuna mini sama suna cewa ai ba hadari. Abin da ke raina a lokacin shi ne matuƙin, yawanci yaro matashi, da ake matsa wa lamba. In ya ce ba yau ba, ku taya shi, kada ku sa shi jin kunya.

Damina kuma, daga Yuni zuwa Oktoba, nata daban. Ka san hadarinmu daga gabas yake tasowa. Haka yake ci gaba da tafiya yamma har ya fita teku, wani ma can cikin Atilantika yake zama babbar guguwar da ke isa Amurka. Bijago suna samun ruwa wajen milimita 2,000 a shekara, mu nan muna neman 400. Filin ƙasa yana zama taɓo, ƙaramin jirgi kuma ba ya kusantar irin wannan hadari ko da nisan kilomitoci. A ganina Nuwamba ta fi: ruwa ya ɗauke, ƙasa tana kore, hazo bai kankama ba. Ko a cikinta, safiya. Da rana ta take, ƙasa tana zafi ba daidai ba, iska mai zafi tana tashi ginshiƙi-ginshiƙi, ita ke jijjiga jirgi har ta tada zuciya. Da ya fita bisa ruwa sai ka ji ya lafa.

Ka bar kwana ɗaya ko biyu fanko a ƙarshen shirinka. Kada ka sa dawowa daga tsibiri ranar da babban jirginka na Yamai zai tashi. In kuma aikin ya ba ka sha'awa, makarantarsa tana gida: EAMAC ta Yamai, ta hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959 a Sanluwi ta Senegal, ita ce ke kula da sararin samaniyar Nijar da Senegal da Gine-Bisau duka.

Daga wani malamin allo, Birni: "Wane irin mutane ne a tsibirin? Musulmi zai samu abinci da wurin salla?"

Allah gafarta Malam, tsibiran 88 ne, waɗanda ake zaune a cikinsu dindindin kusan ashirin. UNESCO ta sa su cikin wuraren da ake kiyayewa a 1996, a 2025 kuma wani yankinsu ya shiga jerin kayan gadon duniya. Bijagawa manoman shinkafa ne da manja da kashu, da yawansu suna kan addinin gargajiya. Su ne cikin na ƙarshe da Turawan Fotugal suka iya rinjaya. Tsibirin Kanyabak bai sallama ba sai 1936, kuma har yau ana ambaton sarauniya Okinka Pampa ta tsibirin Orango. Mata suna da ƙarfin faɗa a ji a lamuran gida da na tsafi. A Orango akwai dorina mai shiga ruwan gishiri, a ɗan tsibirin Poyilon kuma dubban kififiyoyin teku ke fitowa yin ƙwai kowace damina.

Agogon tsibiri teku ce. Sau biyu a yini tana cika tana janyewa, bambancin ya kai mita uku zuwa huɗu, kuma kullum lokacin yana jinkiri da wajen minti 50. In ta janye sai fili ya buɗe, laka da rairayi iya ganinka. Na tsaya kusa da wata tsohuwa a nan, zani ɗaure a ƙirji, laka har ƙwauri, tana tono da guntun cokali tana jefa ƴan katantanwa cikin kwando, ba ta ko kallon hannunta. Tsuntsayen da suka gudo sanyin Turai suna kiwo kewaye da ita ba su damu ba. Can ta miƙe ta dubi bakin ruwa, ta kira jikokinta, ta yi mini nuni da hannu in juya. Ni ban ga abin da ya canja ba, amma kafin mu kai tudu ruwa ya shafe sawunmu. Duk wata fita da kwalekwale da wannan lokaci ake ƙulla ta, mai kwalekwale ne zai faɗi sa'a.

Abinci ba zai gagara ba: shinkafa da kifi da manja, ga mangwaro da kashu a lokacinsu. Akwai alade da giyar kwakwa a ƙauyuka, sai a tambaya kafin a ci, a kuma ƙi cikin ladabi. A garin Bubake akwai Fulani ƴan tireda da masunta ƴan Senegal, Musulmi ne, su za su nuna maka masallaci. Alƙibla gabas ce, a ɗan karkata arewa. Hukuncin ƙasaru da na alwala da ruwan teku kai za ka koya mini, hadisin yana cikin Muwaɗɗa.

Abin da zan roƙa shi ne a shiga garin mutane da sallama. Wasu tsibirai da wasu kurmi haramtattu ne a wurinsu, ba a kwana, ba a sare itace, ba a zubar da jini, baƙo ba ya shiga sai da izinin dattawa. Ba aƙidarmu ba ce, amma ƙasarsu ce, kuma wannan hani shi ya tsare kififiya da kurmin har suka kawo yau. Kada a ɗauki hoton kowa sai ya yarda. Wanda ya sauko daga jirgin sama a ƙauyen da mai haƙuri yake jiran kwalekwale kafin ya ga likita, ya kamata ya san yadda ake kallonsa. In da kujera fanko wajen dawowa kuma matuƙi ya ce nauyi ya bari, a tambaya ko akwai marar lafiya mai son zuwa Bisau.

Daga wani tela, Kasuwar Dole: "Nawa ne kuɗin, kuma wace takarda ake buƙata?"

Ɗan'uwa, shata da awa ake biya, kuma in jirgi ya kai ka ya koma fanko, komawar ma a kanka take, haka kwanan matuƙi in ya jira ka. Kujera ɗaya cikin jirgin da wasu suka riga suka ɗauka ta fi araha nesa ba kusa ba. Ka sa a rubuta maka tun farko abin da zai faru da kuɗinka in yanayi ya hana tashi. Babu man jirgi a tsibiri, na zuwa da dawowa da na ajiya duk daga babban gari ake ɗauka. Sefarmu ita ce kuɗin Senegal, ita ce ta Gine-Bisau tun 1997, sai Gambiya mai dalasi. Ka riƙe tsaba da ƙananan canji, kada ka dogara da injin cirar kuɗi. Ka tafi da fasfo da katin rigakafin shawara, kuma tun da Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, ka tambayi ofishin jakadancin kowace ƙasa sharuɗɗan shiga kafin ka biya komai. Sauro yana da yawa can, ka ga likita don maganin zazzaɓi, ka sa gidan sauro cikin jaka.

Tambayoyin rijiyoyi da hasashen damina da suka taru za su fito a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.